In Makaniki Ya Ce Gaskit Ya Ƙone

Jama'a, a cikin maganganun da kan faɗar wa mai mota da gaba, kaɗan ne suka kai a ce makaniki ya leƙa lagireto, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, gaskit ya ƙone." Da yawa cikin 'yan kasuwarmu na zangunan Kumasi da tsohuwar motar dizal su ke neman abinci, wani Benz 240D, wani 190D, wani kuwa bas ɗin nan 207 mai jigilar goro da albasa da doya tsakanin nan da Techiman da Tamale. Motar nan ita ce jarin, in ta kwana bakwai a gareji sai an ji a tukunyar gida. Sabo da haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda wannan gyara ya ke, domin ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya san abin da zai tambaya, ya kuma san abin da ba zai yarda a tsallake masa ba.

Inji kashi biyu ne manya. Akwai ganga a ƙasa, wadda makanikai ke ce wa bulok, a cikinta ramukan silinda su ke, fistan yana hawa yana sauka. Akwai kuma kai a sama, wanda su ke ce wa hed, shi ya rufe ramukan, a jikinsa bawul da nozul su ke. Tsakanin ganga da kai an shimfiɗa wani siririn faifai mai huji huji, kaurinsa bai fi milimita 2 ba. Shi ne gaskit. Aikinsa ya raba abu uku da ke maƙwabtaka amma ba su ga maciji da juna, watau wutar da ke cikin silinda, da ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin man da ke zagayawa. Kowanne da hanyarsa ta cikin faifan. Ran da faifan ya tsage, sai hanyoyin su haɗu.

Nauyin da gaskit ke ɗauka a injin dizal ya fi na fetur nesa. Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta, na dizal ba shi da shi. Waɗannan da a ke kira hita ɗumama wuri kawai su ke yi kafin a tada mota da safe. Dabarar da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya fito da ita, wadda injinta ya fara aiki sosai a 1897, ita ce a matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa shi. Injin fetur na zamanin waɗannan motoci ya kan matse iska ninki 8 ko 9. Na 240D ninki 21 ya ke matse ta, har zafinta ya wuce digiri 500, kana mai ya fashe a ciki. Duk bugun nan siririn faifan ne ke tare shi a bakin silinda, sau dubbai a minti guda in mota tana gudu.

Alamun ba su kan zo gaba ɗaya ba. Wani lokaci ruwa ne kawai zai riƙa raguwa, a cika da safe, da la'asar ya sauka, a duba ƙarƙashin mota ba ko ɗigo. Wani lokaci farin hayaƙi mai kauri ya riƙa fita ta salansa bayan inji ya riga ya ɗauki zafi. In aka zaro sandar awon mai aka ga man ya koma kamar shayi da madara, to ruwa ya shiga mai. Amma wadda ta fi yawa ga dizal ita ce iskar silinda ta riƙa kutsawa cikin ruwa, kuma kowa yana iya gwada wannan a ƙofar gidansa. Da safe, inji da sanyinsa, a buɗe murfin lagireto, a cika ruwa, a tada mota. In kumfa yana tasowa ba fasawa, alama ce. In kuwa an rufe murfin, tiyon sama ya ƙame kamar tayar keke cikin minti ɗaya ko biyu, alhali ruwa bai ko yi ɗumi ba, ita ma alama ce. A wasu garejoji akwai wani shuɗin ruwa da a kan ɗora a bakin lagireto, in hayaƙin silinda yana ciki sai launinsa ya sake. Sai dai kada kowa ya kuskura ya buɗe murfin nan inji da zafi, gama tafasasshen ruwa ne zai taso masa a fuska.

Akwai wata alama kuma da ta fi duka haɗari. In tsagar ta yi girma, ruwa ya kan tsiyaya cikin silinda da dare ya kwana a kan fistan. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska. In da safe aka murɗa makulli, inji ya juya kaɗan ya cije, kada a ce batir ne a kira yara su tura. Turin nan da yaran unguwa kan yi da murna shi kan lanƙwasa sandar fistan, gyaran da gaskit ɗaya zai ishe shi ya zama sayen wani inji. Abin yi shi ne makaniki ya cire hita ko nozul, ya juya inji ruwan ya fito ta nan.

To, ga inda mu ke roƙon dattawa su tsaya su saurara. Gaskit da wuya ya ƙone haka kawai. Gaskiya ne tsufa yana cin sa, domin irin motar 240D tsakanin 1973 da 1985 aka ƙera ta, autarsu ma ta kai wajen shekara 40. Amma galibi zafi ne ke kashe shi. In inji ya yi zafi fiye da kima sai kai ya kumbura ya ɗan karkace, matsin da ke kan faifan ya saki a wani gefe, wuta ta sami hanya. Watau ƙonewar gaskit labari ne ya kawo cewa akwai cuta a hanyar ruwa. Wanda ya sa sabo bai nemi cutar ba, watanni kaɗan zai sake komawa gareji, ya kuma ce makanikin ne bai iya ba.

Inda cutar kan ɓuya sananne ne. Lagireto ya kan toshe ta ciki da tsatsa da lakar ruwan rijiya ko na rafi da a ke ɗura masa a hanya, ya kan toshe ta waje da ƙurar hunturu da ƙwari. Fambel ya kan saki, famfon ruwa ya kan cinye, fanka ta kan daina jan iska yadda ya kamata. Murfin lagireto ma, wanda mutane suka raina, yana da babban aiki. Ruwa a buɗe digiri 100 ya ke tafasa, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi har tafasar ta koma wajen digiri 120. In robar murfin ta mutu, ko an maye gurbinsa da tsumma da leda, mota za ta tafasa a hawan da a dā ta ke haye shi lafiya. Ƙara da lodin da ya wuce ƙarfinta, a kama hawan Kwahu daga Nkawkaw da tsakar rana, sai abin da Allah ya yi.

Akwai wata al'ada da mu ke so a sake dubawa, ita ce cire tamostat. Wannan 'yar ƙofa ce a hanyar ruwa, ta kan buɗe in zafi ya kai wajen digiri 80. Mutane suna cewa don ƙasashen sanyi aka yi ta, mu nan ba mu bukatarta, sai a cire a jefar. A injunan Benz ɗin nan maganar ba haka ta ke ba. Ƙofar baki biyu gare ta: sa'ad da ta buɗe hanyar lagireto, a lokacin ne ta ke rufe wata gajeriyar hanya da ke mai da ruwa cikin inji kai tsaye. In babu ita, wani kashi na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanya bai ko ga lagireto ba. Ashe wanda ya cire ta don gudun zafi yana iya jawo zafin da hannunsa. Haka nan ruwan nan mai launi da a ke haɗawa da na lagireto, amfaninsa bai tsaya ga hana ƙanƙara a Turai ba, yana hana tsatsa cin ƙarfe da bakin gaskit, mu ma muna bukatarsa. A dai ɓoye shi daga yara da awaki, domin yana da zaƙi kuma guba ne. Garin toshe ɗigo da a ke zubawa a lagireto, da ƙwan da wasu kan fasa a ciki, ba su ɗinke gaskit ɗin dizal, sai dai su ƙara toshe lagireton.

Shi aikin kansa, sai inji ya huce sarai a ke fara shi. A cire kan batir, a zubar da ruwa da mai, a kwance bututun nozul da na iska da na salansa. Kafin a taɓa sarƙar da ke juya kamshaf, sai a juya inji da hannu har fistan na farko ya kai ƙololuwa, alamomin da masu ƙera suka yi su daidaita, a kuma sa fenti a sarƙa da haƙorin da ta ke kai, don ta koma inda ta fito. Notunan kai a injin 240D guda 18 ne, a na 300D mai silinda biyar 22 ne. Daga gefe a ke fara sassauta su a nufo tsakiya, kaɗan kaɗan, domin in aka kwance gefe ɗaya gaba ɗaya kai yana iya karkacewa a nan take. Akwai kuma wasu ƙananan notuna a ɓoye cikin gidan sarƙa, yaran gareji su kan manta da su, su sa ƙarfe su ɓanɓara har su fasa wurin. Kan 240D zubin baƙin ƙarfe ne mai nauyi, mutum biyu ko sarƙar ɗagawa ke sauke shi.

In kai ya sauka, kada a yi hanzarin jefar da tsohon gaskit. Mai mota ya ce a nuna masa. Inda ya ƙone ya kan yi baƙi, ko tsakanin silinda biyu ko tsakanin silinda da ramin ruwa, kuma fistan ɗin da ruwa ya riƙa shiga wurinsa ya kan fita fes kamar an wanke shi. In aka duba faifan kaf ba a ga tsaga ba, to sai a yi zargin kan ne ya tsage. Wajen kankare saurar tsohon, a jiƙa wurin, kada a goge shi a bushe a shaƙi ƙurar, gama da yawa cikin gaskit na shekarun 1970 da 1980 da asbestos aka yi su, shi kuwa yana lahanta huhu.

Daga nan sai awo, kuma a nan ne a ke gane makanikin kirki. Ido ba ya ganin karkatar kai, tafin hannu ma ba ya jin ta. Abin da masu ƙera suka yarda da shi bai kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kusan kaurin gashi ɗaya ke nan. Da miƙaƙƙen ƙarfe a ke aunawa, a ɗora shi a fuskar kai tsaye da gicciye da kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa cusa siraran ƙarafan awo a ƙarƙashinsa. Fuskar ganga ma a auna ta. Masu 190D, wadda ta fito a 1983, su fi kowa kula da wannan, domin kan injinta alminiyam ne a bisa gangar baƙin ƙarfe. Alminiyam kuwa in ya ji zafi kumburinsa ya kusa ninka na ƙarfe biyu, tafasa ɗaya mai tsanani tana iya isarsa. Ban da awo, a kai kan wurin masu injin gwaji a Magazin ta Suame, ko makamancinsu ga 'yan'uwanmu na Ankara, su toshe ramukan ruwa su hura masa iska a cikin ruwa, in da tsaga kumfa zai nuna ta. Tsakanin bawul biyu, da gefen ɗan ɗakin da nozul ke fesa mai, nan tsaga ta fi fitowa. Kuɗin gwajin nan kaɗan ne in an kwatanta da kuɗin kwance inji sau biyu.

In kai ya karkace a kan yi masa aski a inji, a fere fuskarsa ta miƙe. Amma askin dizal yana da iyaka. Fistan yana zuwa dab da kai ƙwarai, in aka fere da yawa bawul da bakin ɗan ɗakin nozul za su matso ƙasa, sai an sake daidaita zamansu. Kowane kai yana da kaurin da ba a wuce shi, kuma motocinmu sun ratsa hannuwa da yawa, mai yiwuwa an riga an aske shi sau ɗaya ko biyu. Sabo da haka a auna kaurin kafin a ɗora shi a inji. Wanda ya kai iyaka sai a nemi wani, shi ma na hannun da za a saya a gwada shi kafin a biya. Mutum ya goge kai da takardar yashi a bisa siminti ya ce ya miƙe, wannan ba gyara ba ne.

Wajen sayen sabon gaskit, a tafi da lambar inji, wadda ke buge a jikin ganga, kada a dogara ga sunan mota kaɗai, domin da yawa cikin motocin nan ba injinsu na asali ke ciki ba. Elring da Victor Reinz na ƙasar Jamus suna cikin sanannun masu yin sa, amma jabu ma ya kan shigo cikin kwali mai kama da nasu, sai a saya wurin wanda aka sani aka amince da shi. A ɗora sabo a kan tsoho a ga huji ya dace da huji. Masu tsofaffin Volkswagen da Peugeot na dizal su lura, nasu kauri kauri ne, da 'yan tsagogi ko huji a gefe masu nuna kaurin, kuma gwargwadon yadda fistan ke leƙowa bisa ganga a ke zaɓa. Araha a nan ba ta da riba, gama kuɗin faifan shi ne mafi ƙanƙanta cikin kuɗin aikin duka.

Tun da mun taɓo kuɗi, shawararmu ita ce a yi ciniki a fili tun ba a kwance noti ɗaya ba: nawa ne ladan makaniki, wa zai biya masu gwaji da aski, wa zai sayo kaya, za a kuma mayar wa mai mota tsofaffin da aka cire. A rubuta a takarda, da boko ko da ajami, kowa ya riƙe. Sa'an nan mai mota shi ma ya yi adalci. Wanda ya tsaya a kan makaniki yana cewa gobe kasuwar Techiman ce lalle mota ta tashi yau, shi ne ya ba da izinin a tsallake awo, kada ya zo daga baya yana kai ƙara wurin sarkin zango.

Ɗaurin kai shi ne rabin aikin. Da fari a share ramukan notuna a ganga, a busar da su. In mai ko ruwa ya kwanta a gindin rami, noti zai cije a kansa a zaci ya ɗauru, har ma yana iya tsaga ganga. A shimfiɗa gaskit a bushe, fuskar da aka rubuta ta sama tana sama, ba gam ba giris. Notunan injunan baya baya irin masu miƙewa ne, an yi su su ɗan ja kamar roba su riƙe kai da matsi ɗaya. Kowane ɗauri yana ƙara musu tsawo, sabo da haka a kan auna su, wanda ya wuce iyaka a sake shi. A shafa ɗan mai a zarensu. Daga tsakiya a ke fara ɗauri a riƙa kewayawa zuwa gefe, yadda mai shimfiɗa tabarma kan lallashe ta daga tsakiya don kada ta yi tudu. Ga 240D mai irin notunan nan hawa huɗu ne. A ɗaure duka da sifana mai ma'auni zuwa 40 a awon da a ke rubutawa Nm, a sake zagayawa zuwa 70, a dakata minti 10 faifai ya zauna, kana a juya kowane noti rubu'in kewaye, a sake bin su duka da wani rubu'in. Injuna na farko masu notin da ba ya miƙewa, da 190D, da sauran motoci, kowanne da nasa lissafi, ya kan zo a takardar da ke cikin kwalin gaskit. Mun san akwai gwanaye masu cewa ma'auninsu a hannunsu ya ke. Muna girmama gwanintarsu, amma hannun da ya ɗaure noti na farko da ƙarfin safiya ba shi ne zai ɗaure na 18 ba. Makanikin da ba shi da sifana mai ma'auni ya aro, in ya ƙi, mai mota ya nemi wani. Dogon bututun da a kan zura wa sifana yaro ya hau ya yi tsalle, shi ke tsinke noti a cikin ganga.

Bayan ɗauri a mai da sarƙa kan fentinta, a juya inji da hannu kewaye biyu ta fuskar da ya saba juyawa, a ga alamomi sun dawo daidai, ba inda ya cije. In sarƙa ta goce da 'yan haƙora fistan zai bugi bawul, gara hannu ya ji wannan da a ce makulli ne ya ji. Bawul na 240D da 207 da hannu a ke daidaita su, inji da sanyi, milimita 0.10 ga na shigar iska, 0.30 ga na fitar hayaƙi. Na 190D su kan daidaita kansu da mai. A sa sababbin 'yan wasa a ƙarƙashin nozul, a zuba sabon mai da sabon filta, domin tsohon ya sha ruwa. A wanke lagireto ko a kai a buɗe shi a zare toshiyar, a sa tamostat da murfi masu lafiya, a fitar da iska daga hanyar dizal da ɗan famfon hannu, sa'an nan a tada.

Makon farko a sassauta mata lodi da gudu. Kowace safiya a duba ruwa da mai tun inji bai tashi ba, a matsa tiyon sama a ji ko ya kwana da tauri. Notuna masu miƙewa ba a sake taɓa su, tsofaffin irin kuwa a kan sake bin su bayan 'yar tafiya in takardar gaskit ta ce a yi. Agogon zafi da ke gaban direba, wanda a motoci da yawa ya mutu shekara da shekaru ba wanda ya damu, a gyara shi a wannan karon, a kuma gaya wa direba da yaron mota cewa mazauninsa tsakanin 80 da 90 ne. In allura ta doshi ja a hanya, a sauka gefe a tsaya. Kada a kwara wa inji ruwan sanyi yana tafasa, domin haka a ke tsaga kai. A jira ya huce, a rufe murfin da tsumma mai kauri a buɗe shi sannu, kana a tada mota a riƙa ƙara ruwan kaɗan kaɗan.